Kantocin Motata da Darasin Kawuna Madugu



Makon jiya wani matashi ya same ni a bakin kasuwar dabbobi, da mita a hannunsa. Ya ce ya sayi tsohuwar mota zai riƙa kai kayan shago Tchibarakaten, kuma an ce masa in yana son ganin yadda ake jera kaya a cikin mota, ya je ya leƙa armuwar ɗin telan nan mai farar Mercedes. Ya roƙe ni in bar shi ya auna kantocin, ya kai ma kafinta a yi masa irinsu. Na ce masa awo ba wuya, amma ya fara zama ya sha shayi tukuna, don kantocin da yake gani na biyu ne. Na farkon sun ci mini jikka 140, kuma saura ƙiris su ci mini suna. Labarin da na ba shi ranar shi ne zan ba ku yau, ko Allah zai sa wani ya tsira daga abin da ya same ni.

Ni tela ne, ɗan tela. A Katanga aka haife ni, a shagon mahaifina na koyi taka keke, lokacin da Turawa ƴan yawon buɗe ido ke cika garin nan da sanyi. Su sayi rawani, su ɗinka wando irin namu, su ɗauki hoton hasumiyar babban masallaci, su wuce Abzin. Tawayen 2007 ya rage su, sace mutanen da aka yi a Arlit a 2010 ya kori sauran. Allah bai bar mu haka ba, sai ga zamanin masu zuwa Libiya. Kowace Litinin motoci na fita Dirku, direbobi na dawowa da kuɗi, kuma kun san direban Agadas, in ya samu kuɗi shadda yake fara tunawa. Da aka fara aiki da dokar nan ta 2015 gadan-gadan a 2016, aka kama motoci aka rufe direbobi, mu da ba mu taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya ba mun ji a jikinmu. Sai in yi kwana 3 ban sa zare a allura ba. Biyanu ya zo ya wuce ina zaune ina korar ƙuda.

A nan ne na ce ma kaina, tunda masu ɗinki sun daina zuwa wurin keke, bari keke ya je wurinsu. Manoman albasa na Tabelot suna da kuɗi in sun sayar da amfaninsu. Mutanen Timiya haka, in lemu ya nuna. Ga kuma taron Ingal kowane ƙarshen damina, inda duniya ke haɗuwa. Abin da nake buƙata shi ne abin hawan da zai zame mini shago, ya zame mini ɗakin kwana.

Na same ta a bayan wani garaji a Sabon Gari, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji na ƙwai a kan kujerar direba. Irin motocin nan ne masu ɗaki da Turawa ke ketowa Sahara da su a da, ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit. Mai garajin ya ce wani Bajamushe ne ya zo da ita, injin ya ba shi wahala, ya sayar ya hau jirgi. A cikinta akwai gado, akwai ɗan murhu, akwai taga mai labule, sannan bayan kujerar direba, ta hannun hagu, akwai armuwar. Kuɗin sayenta da na gyaran injin ba nawa ba ne duka. Rabi adashin maiɗakina ne, wanda ta yi shekara tana zubi da nufin sayen firji ta riƙa sayar da ƙanƙara. Ta miƙo mini ta ce, "Ga shi, in mota ta haihu ka saya mini firjina."

To, armuwar ɗin nan shi ne ya fara ba ni ciwon kai. Dogo ne siriri: tsayi mita 1 da santimita 70, faɗi santimita 55, zurfi 60. In ka buɗe, ba komai a ciki sai sandar ƙarfe guda a sama. Bature ya yi shi don kansa, shi da ke rataye kwat da wando. Mu kuwa ninke kaya muke yi. Babbar riga in ta dawo daga mabuga a ninke take, atamfa a ninke, rawani a naɗe. In ka rataye babbar riga a wannan sandar, gindinta na shara a ƙasa, hannayenta sun cika wurin. Sai na riƙa tula komai a ƙasa, tulin ya kawo gwiwa, sauran wurin duk iska ce. In mai kaya ya zo karɓar nasa kuma aka yi rashin sa'a shi ne na ƙasa, sai na kwashe na mutum goma kafin in kai gare shi.

Na ɗauki kafinta. Ba zan ɗora masa laifi ba, abin da na ce ya yi shi ya yi. Ya tambaye ni me zan ɗora, na ce komai. Sai ya kawo jan katako mai kauri, irin wanda ake yi ma ƴan butik, ya yanka kantoci 4, ya buga su da ƙusa a jikin bangon armuwar ɗin. Wallahi a tsakar gida abin gwanin sha'awa. Na danna da hannu, ko motsi. Na jera kaya na ja da baya ina kallo kamar wanda ya gina bene.

Ina cikin wannan kallon ne Kawu ya shigo. Wan mahaifiyata ne. Tun yana saurayi yake bin ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, har ya zama madugu, sai da gwiwoyi suka ƙi sannan ya zauna. Bai kalli kantocin sosai ba. Zagawa ya yi ya sa kafaɗa a jikin motar ya girgiza ta, ya kasa kunne. Sannan ya ce, "Ɗana, wannan kayan zaune ne. Ina ɗaurinsu?"

Na yi dariya na ce, "Kawu, ai mota ce, ba raƙumi ba."

Ya dube ni ya ce, "Itace guda ne tal a tsakiyar Tenere. Raƙuma sun yi shekara da shekaru suna wuce shi, ba wanda ya taɓa shi. Mota ce ta zo ta kaɓe shi." Gaskiya ya faɗa, kowa ya san a 1973 ne wata babbar mota ta kayar da itacen nan, yanzu gawarsa na gidan tarihi a Yamai, na ƙarfe aka kafa a gurbinsa. Amma a ranar ban ji komai a maganarsa ba sai tsokanar tsofaffi. Ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci.

Watan Satumba na 2018, ana saura kwanaki kaɗan taron Ingal, wata Hajiya daga Amarewat ta kawo mini aiki. Tsohuwar mai ɗinkin mahaifina ce, tun ina yaro nake kai mata kaya gida. Ɗanta zai auri wata ƴar Ingal, an sa ɗaurin aure a makon taron. Ta ba ni farar shadda mai tsada in ɗinka ma ango babbar riga da ƴar ciki da wando, ta haɗa da atamfofin baliz. Da ta ji da mota zan tafi, sai ta ƙara mini da alasho guda 2, kyautar iyayen amarya, ta ce in tafi mata da su duka, ita za ta biyo baya washegari.

Wanda bai san alasho ba a cikinmu sai dai baƙo. Turkuɗi ne da ake rinawa a buga a Kura, kusa da Kano. Shunin ba shiga zare kaɗai yake yi ba, dukan shi ake yi a kan ƙyallen har ya yi wannan ƙyallin, shi ya sa yake zuba a goshin mai naɗa shi da yatsunsa. Abin ado ne a jikin mutum, amma in ya goga a farin kaya, an gama. Na san wannan sarai, don haka na bar su cikin takardarsu, na ba su kanta tasu su kaɗai.

Ga yadda na jera. A kanta ta sama na sa dutsen guga, da galan ɗin man keke, da gwangwanin maɓallai, wai don kada su tare mini wuri. Ta biyu alasho. Ta uku farar shaddar ango, an goge an ninke. Ta huɗu atamfofi. A ƙasa can kuma zare da tarkacen ƙyallaye, marasa nauyi. Dabarata ita ce in nisanta kaya masu daraja daga ƙurar ƙasa. Keken ɗinki da jarkokin ruwa kuwa duk na jingina su a gefen armuwar ɗin, ta hagu, don in samu hanyar wucewa ta dama.

Daga Agadas zuwa Ingal kusan kilomita 160 ne, kuma kun san yadda hanyar take a lokacin: inda kwalta ta rage rami ne, inda ta ƙare kuma ƙunya-ƙunyar nan ce mai kaɗa haƙora, wadda direbobi ke ce ma tol. Wajen rabin hanya muka ji wani abu ya ce "ƙwas" a baya, sannan "rugum". Yarona ya ce, "Maigida, kamar wani abu ya faɗi." Na ce ya bari, mun kusa, ina son mu samu wuri mai kyau kusa da filin taro kafin ƴan kasuwa su cika shi. Sauri ya haifi nawa.

Da la'asar muka isa. Na buɗe ƙofar armuwar, abin da ya fara faɗo mini a ƙafa dutsen guga ne. Ƙusoshin kanta ta sama sun zare daga bango, ta faɗo da nauyinta ta karya ta biyu, su biyun suka sauka a kan ta uku. Murfin galan ya fice. Man keke ya jiƙa takardar alasho ta yage, alasho ya kwanta a kan farar shadda, mota kuma ta yi ta gurza su tsawon rabin hanya. Rigar ango ta koma kamar sararin sama da hadari. Na zauna a ƙasa riƙe da ita, mutane na ta wucewa da raƙuma cikin ado, ana ta kiɗa, ni ko ba abin da nake ji sai bugun zuciyata.

Na wanke da sabulu, na wanke da kalanzir, na sa lemun tsami. Shuni da mai in sun haɗu, ba mai raba su.

Washegari Hajiya ta iso. Na so ƙwarai ta yi mini faɗa, ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ta ɗaga rigar ta duba gaba da baya, ta ajiye. Ta ce, "Tela, da almakashi ne ya kuskure, sai in ce ƙaddarar sana'a ce. Wannan ajiya na ba ka." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Saura kwana 2 ɗaurin aure. Na shiga cikin ƴan kasuwar da suka zo taron na sayi wata shaddar da kuɗin taro, wanda kowa ya san ba kuɗin kasuwa ba ne. Alasho guda ya tsira, guda na sake saye. Abin da ke aljihuna bai kai ba, sai da wani ɗan unguwarmu mai sayar da takalma ya ranta mini. Dare 2 ban runtsa ba, ina taka keke yarona na riƙe da fitila. Ango ya sa riga ranar aurensa, amma aikin wuyan bai kai na farkon ba, ni na sani, Hajiya ma ta sani. Duk sauran ɗinkin da na samu a taron bai toshe ramin ba. A hanyar dawowa kuma sifirin baya na hagu ya karye, sai janyo mu aka yi zuwa gari. Maiɗakina ta ji labari kafin in iso. Ta kawo mini ruwa da abinci, ba ta ambaci firji ba, kuma shirun nan nata ya fi mini komai nauyi.

Na yi mako guda ban buɗe motar ba. Ran nan bayan sallar asuba na bi Kawu har gida, na durƙusa na ce, "Kawu, na zo a koya mini ɗauri." Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Cewa ya yi in dafa shayi.

Da muka zo wurin motar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce in fito da duk abin da ke ciki, har allura. Ya zauna yana ɗaga kowane abu da hannu yana jin nauyinsa, yana ajiye wannan dama, wannan hagu. Yana yi yana ba ni labarin hanya, abin da na yi shekaru ina ji da rabin kunne.

Ya ce ayari kan tashi ne in zafi ya karye, wajen watan Oktoba. In an shiga Tenere ba kiwo, don haka ciyawar raƙuma ma a bayansu take, a dami-dami. Ana ɗora kaya da safe, ba a saukewa sai dare ya raba, kuma tsakanin nan ayari ba ya tsayawa, shayi ma a tafe ake dafa shi a miƙa ma juna. "In kayanka sunka karkace," in ji shi, "ba mai jiran ka. Kuma kayan da sunka karkace su ke cin bayan raƙumi. Raƙumin da bayansa ya yi miki a tsakiyar Tenere, ka yi bankwana da shi, ka yi bankwana da gishirin da ke kansa." Ya nuna sifirin da ya karye ya ce, "Ga mikin taka taguwar. Keke hagu, ruwa hagu, armuwar hagu. Me ka ba dama?"

Daga nan muka fara. Keken ɗinki ya koma dama, daidai saitin armuwar, muka ɗaure ƙafafunsa da ƙasan motar. Jarkokin ruwa suka koma tsakiya, a kan tayoyin baya. Dutsen guga da man keke da kalanzir kuwa, Kawu ya ce ba su ba armuwar har abada. Ya ce a ayari gishiri ba ya kwana kusa da salka, komai ƙuncin wuri, don abin da zai iya ɓata ɗan'uwansa ba a ba shi dama ko ta kwana guda. Muka yi musu ƙaramin akwati a ƙarƙashin gado, mai murfi da sakata, kowane abu da raminsa.

Sannan muka koma kan armuwar, na sake kiran kafintan nan. Da muka ciro sauran ƙusoshin sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko: bangon bai fi kaurin kwali ba, santimita ko rabi bai kai ba. Masu ƙera irin motocin nan da gangan suke yin komai shafal don rage nauyi. Ƙusa a irin wannan bangon ba abin da ta kama, in mota na rawa kowane girgiza na zare ta kaɗan-kaɗan. Kafinta ya ce to a huda a kama jikin motar. Muka ƙwanƙwasa muka ga wayoyin wuta na bi ta nan, kuma duk hujin da ka yi a jikin mota ƙofa ka buɗe ma ƙura da ruwan sama. Kawu ne ya warware mana. Ya ce ba a ɗora kaya a kan fatar raƙumi, akumari ake fara sawa, shi ke ɗaukar nauyin ya rarraba. Sai muka yi ma armuwar akumari: sanduna 4 na katako mara nauyi, ɗaya a kowace kusurwa, tsaye daga ƙasa har sama, an haɗa su da gajerun sanduna kamar tsani biyu suna fuskantar juna. Kantocin a kan tsanin suke zaune, nauyinsu na sauka ƙasa, bango ba ya ɗaukar komai. Ba ƙusa ko guda a ciki, duk gam ne da kusa mai murɗawa.

Jan katakon nan mai kauri na ba maiɗakina ta yi kantar tukwane, can ne gidansa. Muka sayi falle mara nauyi, mai kaurin milimita 8, muka yanka kantoci 5. Wannan karon kayan muka fara aunawa kafin mu yanka katako. Na ninke babbar riga yadda nake ninkewa, na ɗora guda 3, muka auna, muka ƙara yatsa biyu. Atamfa ita ma da nata awon. Na so in bar sarari da yawa don hannu ya wala, Kawu ya hana. Ya ce kantun gishiri a naɗe yake cikin tabarma, a matse, don kantun da ya samu wurin motsi shi ke fashewa, fasasshen kantu kuwa in an kai shi Damargu ko kasuwannin Hausa ya zubar da darajarsa. "Sarari," in ji shi, "shi ne abokin gaban matafiyi. Inda ka ga rami, toshe shi." Har yau in kanta ba ta cika ba, ina cusa matashi ko tsumma.

Kowace kanta muka yi mata leɓe a gaba, santimita 6, muka kuma ɗan kwantar da ita baya kamar kaurin yatsa, yadda in mota ta girgiza kaya bango za su nufa, ba ƙofa ba. Muka yanka tabarmar kaba muka shimfiɗa a kan kowace, don shadda santsi gare ta, a kan katako zamewa take. Ɗaurin da Kawu ya tambaye ni tun ranar farko kuwa, robar cikin taya ce ta yi mana shi: muka yanka ta siri-siri, kowace kanta da tata, an kafe ta a baya, tana zagayowa kan kaya ta maƙale a ƙugiya a jikin leɓen. Tsari ya juye gaba ɗaya. Atamfofi da yadi masu nauyi a ƙasa, ɗinkakkun kaya a tsakiya, zare da huluna a sama. Alasho kuma ya samu ƴar adakarsa ta ƙarfe mai murfi, a can ƙasan komai, ko an kawo mini guda ɗaya ne a ciki yake tafiya.

Ƙofar ma sai da muka taɓa ta. Ɗan maƙallin da Bature ya sa ba ya jure hanyarmu, muka sa sakata 2, sama da ƙasa, muka liƙa roba a kewayen bakin saboda ƙura. Amma da yake zafin watan Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, kaya kuma in an toshe su ruf suna yin wari, muka huda ƙananan ramuka a saman ƙofar, ta cikin ɗaki, muka rufe su da ƙyalle mai shara-shara.

Abu na ƙarshe da Kawu ya tambaya shi ne, me nake ɗauka sau goma a rana? Na ce almakashi, mita, alli, allura, littafin awo. Ya ce a ayari abin shayi da ɗan guzurin fura da cuku da dabino ba a binne su cikin kaya, a rataye suke inda hannu zai kai ana tafe. In kana kwance babban ɗauri don ƙaramin abu, wata rana za ka manta ka mayar. Sai na ce zan ɗinka aljihuna in kafa a bayan ƙofa. Na duba ƙyallen da zan yi da shi, idona ya faɗa kan rigar angon nan, tana ninke a kusurwa tun dawowarmu Ingal. Ita na yanka. Aljihu 8 ta ba ni, kuma shadda ce mai kyau, har yau ba wanda ya yage.

Da muka gama, akwai tulin kaya a kan tabarma da ba su koma ciki ba: guntayen yadin da na yi shekara ina cewa za su yi amfani, keken hannu na biyu da bai aiki, tukwane 3 alhali guda nake girki da ita. Na ce Kawu, waɗannan fa? Ya ce su ma a hanya suna ajiye damin ciyawa su wuce, su tarar da shi in sun dawo. Abin da ba ka buƙata kafin ka dawo, gida ne wurinsa. Abin mamaki, kantocin da na yi don in ƙara kaya, sun ƙare da rage mini kaya.

Sai gwaji. Kawu ya ɗauki kofin shayinsa na gilashi, wanda ba ya bari kowa ya sha da shi, ya cusa shi tsakanin riguna a kanta ta tsakiya, ya ja roba, ya sa sakata. Ya ce mu yi hanyar Dabaga. Duk dutsen da na so kaucewa sai ya ce in hau. Muka je muka dawo, ya buɗe, kofi na nan yadda ya ajiye shi. Ya ɗauka ya goge da bakin rawaninsa ya ce, "Yanzu ka zama ɗan hanya. Dafa na biyu."

Tun daga ranar na je Tabelot, na je Timiya, na je Iferwan, na koma Ingal ba sau ɗaya ba, ko maɓalli bai sake faɗowa ba. Bashin mai takalma na biya shi cikin wata 5. Firjin maiɗakina ya ɗauki wata 14, amma ya zo, yana nan yana aiki. Hajiya kuwa ta yi shekara 2 ba ta kawo mini ko facin zane ba, kuma ban ga laifinta ba. Ranar da ta dawo, kayan sunan jikanta ta kawo. Kafin ta miƙo mini sai ta ce in buɗe mata armuwar ɗin. Ta duba kantocin ɗaya bayan ɗaya, ta ja robar ta saki, sannan ta tsaya a kan aljihunan nan masu dabbare-dabbaren shuni. Ta shafa guda ta ce, "Na gane ta." Na ce, "Ita ce, Hajiya. Kullum sai na gan ta." Ta miƙo kayan.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Yau manyan motoci sun shiga dakon gishirin Bilma, masu bin ayari sai raguwa suke. Amma tsofaffin da suka yi wannan tafiyar suna nan da sauransu, a zaurukanmu, a bakin kasuwar dabbobi, muna wuce su kullum da gaisuwa kawai. Ni da nawa a gida, sai da na biya jikka 140 sannan na tambaye shi abin da zai faɗa mini a kan kofin shayi guda.

Matashin nan na bar shi ya auna, ya rubuta komai a wayarsa. Amma na ce masa awona na shadda ne da atamfa, nasa kayan sukari ne da mai da sabulu da batir, kuma hanyar Tchibarakaten ta fi ta Ingal nisa da mugunta nesa ba kusa ba. Na nuna masa wani dattijo da ke zaune a inuwa kusa da masu sayar da akala, wanda na san sun yi tafiya da Kawu. Na ce ya sayi shayi da sukari ya je ya gaishe shi, ya kai shi ya ga motar kafin kafinta ya yanka ko katako guda. Da na tashi tafiya na hango su, tsohon ya sa kafaɗa a jikin motar yana girgiza ta.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ba mu ikon riƙe amanar mutane. A gaida gida.